Kayan tarihin Afirka da ke Turai: a fara rubuta sunan mai kaya

A watan Mayun 2024 aka baje kolin kayan sarautar Asante guda 32 a gidan tarihin fadar Manhyia da ke Kumasi. Kayan zinare ne da azurfa, ciki har da takobin sarauta da fayafayan zinaren da wasu fadawan sarki ke ratayawa a ƙirji. Akasarinsu sojojin Birtaniya ne suka kwashe su daga fadar, a yaƙin 1874 da kuma harin 1896. Guda 15 sun fito daga British Museum, 17 daga gidan tarihin V&A, duka a Landan. An yi kiɗa, an yi murna, kuma murnar ta dace. Sai dai kayan aro aka ba Asantehene, wato sarkin Asante (Ashanti) na ƙasar Gana, Otumfuo Osei Tutu II, na shekara uku, da damar a ƙara masa uku. Wa'adi na cika, doka ta ce a naɗe su a mayar Landan.

Wannan ya dame ni, amma abin da ya fi damuna shi ne maganar da nake ji a bakin mutanenmu duk lokacin da batun ya taso a rediyo ko a majalisar hira. Wani ya ce gara a bar su can, mu ba mu iya riƙe kaya ba. Wani ya ce ai gumaka ne, me Musulmi zai yi da su. Wani kuma ya ce rigimar mutanen Benin ce da Ashanti, babu ruwan Bahaushe.

Ra'ayina shi ne duk abin da aka tabbatar an ɗauke shi da bakin bindiga, ko an sace shi, ko an fitar da shi ta ɓarauniyar hanya, to a mayar da mallakarsa ga masu shi a rubuce, ba tare da sharaɗi ba. Bayan an yi wannan, sauran duk abin tattaunawa ne: wanne zai dawo yanzu, wanne zai dakata sai an gyara ma'aji, wanne za a bari a can a matsayin aro daga gare mu. Kuma Arewacin Najeriya da Nijar suna da nasu kason a wannan magana, har ma nasu ya fi gaggawa, domin ana kan kwasar shi har gobe.

Yadda kayan suka fita

Labarin Benin ne aka fi sani, don haka a taƙaice. A Janairun 1897 aka kashe wani jami'in Birtaniya mai suna James Phillips da mafi yawan ayarinsa a kan hanyarsu ta shiga birnin Benin da ke jihar Edo ta yau, bayan an aika musu cewa su dakata. A Fabrairu Birtaniya ta tura dakaru kusan 1,200 ƙarƙashin Harry Rawson. Suka ci birnin, fadar ta ƙone, aka kai sarkin, Oba Ovonramwen, Kalaba inda ya rasu a 1914. Dubban kayan tagulla da hauren giwa da murjani suka bar fadar. Hafsoshi suka raba wasu a tsakaninsu, aka yi gwanjon wasu a Landan, gidajen tarihin Jamus suka sayi kaso mai yawa.

Ba a ɓoye wannan ba. Sojojin da kansu sun ɗauki hotuna suna zaune a tsakiyar tulin kayan, sun kuma rubuta abin da suka yi. A 2022 aka buɗe wani kundi a intanet mai suna Digital Benin, wanda ya tattara kaya 5,246 da ke warwatse a cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20. British Museum kaɗai na riƙe da sama da 900.

Haka Faransawa suka yi wa Abomey da ke Jamhuriyar Benin ta yau a 1892, haka Ingilishi suka yi wa Maqdala ta Habasha a 1868. Rahoton da Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa wa shugaban Faransa a 2018 ya ce akwai kayan Afirka ta kudu da Sahara kusan 90,000 a gidajen tarihin gwamnatin Faransa, 70,000 daga ciki a gida ɗaya, Quai Branly, kuma Cadi ce ta fi kowace ƙasa yawan kaya a wurin. Wani bincike na 2023 ya gano kayan Kamaru sama da 40,000 a Jamus, alhali gidan tarihin ƙasa da ke Yawunde bai wuce 6,000 ba.

"Dokarmu ta hana"

Wannan ita ce hujjar British Museum, kuma gaskiya ne akwai dokar. Dokar 1963 ta hana amintattun gidan fitar da kaya daga taskarsu sai a wasu 'yan yanayi, wata dokar ta 1983 kuma ta ɗaure V&A. Shi ya sa aka yi wa Asante dabarar aro.

To amma wa ya yi dokar? Majalisar Birtaniya ce, kuma ta sha sassauta ta idan ta ga dama. A 2004 ta yi dokar da ta ba manyan gidajen tarihi ikon mayar da ƙasusuwan mutane ga danginsu. A 2009 ta yi wata da ta ba su ikon mayar da kayan da 'yan Nazi suka ƙwace daga Yahudawa. Duka biyun daidai ne, kuma sun nuna cewa hanyar a buɗe take. Faransa ma tana da tsohuwar ƙa'idar da ta ce dukiyar ƙasa ba ta fita, amma a Disambar 2020 majalisarta ta yi doka ta musamman, aka mayar wa Jamhuriyar Benin kayan Abomey 26, aka kuma bar wa Sanagal takobin da ake dangantawa da Alhaji Umaru Tal.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Tsakanin 1950 da 1972 British Museum ya sayar ko ya musanya kayan Benin sama da 30, yana cewa yana da irinsu biyu-biyu, kuma da yawa daga ciki Najeriya ce ta saya da kuɗinta. Gidan da ya iya sayar wa mai kaya kayansa bai kamata ya ce hannunsa a ɗaure yake ba idan aka zo maganar mayarwa.

"Zamani ya ja, an wuce wurin"

Masu wannan magana suna cewa shekara fiye da 120 ta wuce, kuma yarjejeniyar UNESCO ta 1970 da ta hana fataucin kayan tarihi ba ta waiwayar abin da ya faru kafin ta. Ta fuskar shari'ar ƙasa da ƙasa haka ne, shi ya sa ba a cika cin irin wannan ƙara a kotu ba.

Amma mu nan mun san hukuncin daɗewar kaya a hannun wani. A kotunan Musulunci na Arewa, wanda ya riƙe gida ko gona shekara goma yana iya kafa hujja da hauzi, sai dai da sharuɗɗa: mai kayan yana nan, yana gani, babu abin da ya hana shi magana, kuma ya yi shiru. Idan an san asalin abin ƙwace ne, daɗewa ba ta halatta shi. A duba ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya cika. Masu kayan suna ƙarƙashin mulkin wanda ya ƙwace har zuwa 1960. Kuma ba su yi shiru ba. Oba Akenzua II ya nema tun shekarun 1930. Da Najeriya ta shirya bikin FESTAC a 1977, fuskar hauren giwa ta Idia, mahaifiyar Oba Esigie, ita ce tambarin bikin. Aka nemi British Museum ya ba da ita ko da aro ne, ya ƙi, sai da masassaƙan gida suka sassaƙa kwaikwayonta. A 1978 shugaban UNESCO, Amadou-Mahtar M'Bow ɗan Sanagal, ya yi kira a fili a mayar wa al'ummomi kayansu. Neman ya daɗe, amsar ce ba ta zo ba.

"Ba za ku iya kula da su ba"

Wannan ce hujjar da ta fi nauyi, kuma ita ce wadda namu suka fi maimaitawa. Ba zan ce babu gaskiya a cikinta ba. A Janairun 1987 ɓarayi sun shiga gidan tarihin Jos sun kwashe kaya masu daraja, ciki har da wani kan tagulla na Ife da daga baya ya ɓulla a Beljiyam sannan a Ingila. A shekarun 1990 an fasa gidan tarihin Ife da wasu da dama. A 1973 Janar Gowon ya sa an ɗauko wani kan tagullar Benin daga gidan tarihin Legas ya kai wa Sarauniyar Ingila tsaraba. Duk wanda ya zaga gidajen tarihinmu ya san akwai masu yoyo, akwai waɗanda wuta ke ɗaukewa kwana da kwanaki, akwai ma'aikata masu kishi da ba a ba su ko safar hannu ba.

Duk da haka hujjar ba ta tsaya ba, saboda dalili biyu.

Na farko, ingancin ma'aji ba ya haifar da mallaka. Wanda ya kore maka saniya ba zai zo gaban alƙali ya ce garkensa ya fi naka shinge, don haka saniyar ta zama tasa, amma zai ba ka aronta ka tatsa wata uku ba. Alƙali zai ce a mayar da saniya, gyaran shinge kuma tsakanin mai ita ne da iyalinsa.

Na biyu, su ma ana yi musu sata. A Agustan 2023 British Museum ya sanar da cewa kaya kusan 2,000 sun ɓata, ko an sace, ko an lalata su, a tsawon shekaru, kuma wani ma'aikacin gidan ake zargi. Shugaban gidan, Hartwig Fischer, ya yi murabus. Abin da ya sa satar ta daɗe ba a gane ba shi ne da yawa daga kayan ba a taɓa yi musu cikakkiyar rajista ba. Babu wanda ya ce saboda haka a kwashe kayan gidan a kai wata ƙasa.

Kula da kaya kuwa aiki ne da ake koya, kuma an san abin da yake buƙata. Tagulla ita ce mai sauƙi. Babban abokin gabanta danshi ne idan ya haɗu da gishirin da ke maƙale a jikinta: sai ka ga wani koren gari mai laushi yana fitowa, yana cin ƙarfen daga ciki. Wanda ya kamu ana ware shi a akwati mai rufi gam, da sinadarin da ke tsotse laima, a riƙe danshin ƙasa da kashi 40 cikin 100. Hauren giwa da katako da fata su ne masu wuya, domin ba sa son sauyi. Suna son danshi ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55. A Kano ko Zinder danshin iska na iya faɗowa ƙasa da kashi 20 a hunturu, ya haura 70 a watan Agusta. Hauren da ya yi shekara ɗari a ɗaki mai daidaitaccen yanayi a Turai, in aka sauke shi kai tsaye cikin wannan, tsagewa zai yi. Na'urar sanyaya ɗakin da ke aiki awa shida ta mutu awa goma ta fi rashinta ɓarna, saboda hawa da saukar da take jawowa. Gara ɗaki mai kaurin bango, marar taga ta yamma, da akwatunan gilashi masu riƙe nasu yanayin. Magina na gargajiya sun san sirrin katangar ƙasa mai kauri tun kafin zuwan lantarki.

Akwai haɗari ɗaya da ba a cika gaya wa masu karɓa ba. Tsofaffin gidajen tarihin Turai sun yi shekaru suna barbaɗa wa kayan fata da tufafi da gashin tsuntsu guba don kashe ƙwari, irin su arsenik da DDT. Rigar sarauta ko ganga ko hular da ta dawo daga can, kafin wani ya sa ta a jiki ko ya riƙe ta da hannu a wurin biki, dole a gwada ta. Ya kamata sakamakon gwajin ya zama cikin takardun miƙa kaya, kuma wanda ya zuba gubar shi zai biya kuɗin gwajin.

"A can duniya duka ke ganin su"

A 2002 manyan gidajen tarihi 18 na Turai da Amurka suka sa hannu a wata sanarwa cewa su na duniya ne baki ɗaya, don haka kayan da ke hannunsu na kowa ne. Ɗalibin tarihi a Jami'ar Bayero ko ta Abdou Moumouni da ke Yamai, wanda zai nemi biza, ya nuna takardar banki, ya sayi tikitin jirgi, sannan wataƙila a hana shi, ya san iyakar wannan "kowa". Ko wanda ya isa Landan ɗin ma ba zai ga mafi yawansu ba: daga cikin kaya kusan miliyan 8 na British Museum, kimanin kashi 1 cikin 100 ne ke fili. Akwai allunan coci masu tsarki na Habasha 11 da ke kulle a gidan, ba a taɓa nuna su ba, domin a addinin masu su limamai kaɗai ke iya kallonsu. Wace duniya ce ke amfana da riƙe waɗannan?

Da kayan Abomey 26 suka isa Kwatano aka baje su a 2022, mutum sama da 200,000 suka je kallo cikin 'yan watanni. Wannan ya isa amsa ga mai cewa mutanenmu ba su damu ba.

Kuma mayar da mallaka ba ya nufin ɗakunan Turai su zama kango. A Yulin 2022 Jamus ta sa hannu da Najeriya kan kayan Benin sama da 1,100. Balin kaɗai ta miƙa mallakar 512, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗannan sun ci gaba da zama a can na shekara goma, a matsayin aro daga Najeriya. Gidan tarihin Horniman na Landan, wanda dokar 1963 ba ta shafa ba, ya miƙa mallakar 72, shida suka fara tahowa, sauran suka zauna aro. Holan ta dawo da 119 a 2025. Baƙon da ya shiga ɗakin a Balin yana ganin kayan kamar jiya. Abin da ya sauya shi ne rubutun da ke ƙarƙashinsu, da kuma wanda ke da ikon cewa a kawo.

"Wa za a ba?"

A nan kam akwai rikici na gaske. An yi ja-in-ja tsakanin fadar Oba Ewuare II da gwamnatin jihar Edo ta lokacin Godwin Obaseki kan inda kayan za su zauna. A Maris 2023 Shugaba Buhari ya fitar da sanarwa a jaridar gwamnati cewa Oba ne mai su. Wasu a Jamus suka yi ta ƙorafi cewa sun ba al'umma kaya an miƙa wa mutum ɗaya. Ni ina ganin daga fada aka ɗauke su, don haka komawarsu hannun fada ba abin mamaki ba ne, amma haƙƙin jama'a ne a rubuta a fili cewa ba za a sayar ba, za a nuna su, masu bincike za su iya zuwa. Wannan muhawara ce ta 'yan Najeriya, kuma rashin gama ta ba ya ba wani izinin ci gaba da riƙe kayan.

Wasu jikokin bayi a Amurka sun kawo wata hujjar: tagullar da aka narka aka yi kayan ta fito ne daga mundayen da Turawa ke biya da su a cinikin gaɓar teku, har da cinikin bayi, don haka su ma suna da haƙƙi. Binciken da aka buga a 2023 ya nuna cewa tagullar da yawa daga yankin kogin Rhine na Jamus ta fito. Maganarsu tana da nauyi, kuma wajibi ne duk gidan tarihin da zai nuna kayan nan a Najeriya ya faɗi wannan ɓangaren tarihin ba tare da kwaskwarima ba, kamar yadda ya wajaba mu ma mu faɗi tarihin bauta a ƙasar Hausa. Amma wannan dalili ne na a saurare su, a ba su hanyar gani da nazari. Bai zama dalilin a bar wa magadan rundunar Rawson kayan ba.

"Gumaka ne"

Ga ɗan'uwa Musulmi mai wannan damuwa, abu uku. Ba duka ne siffofi ba: akwai takubba, kujerun sarauta, ƙofofi, tufafi, ganguna, littattafai. Sannan Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya umarci a mayar da amana ga masu ita, bai ce sai idan addininsu ɗaya da namu ba. Na uku, ayoyi da dama sun ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Ajiye abu a bayan gilashi don a san waɗanda suka rayu a nan kafin mu, da abin da suka iya, da yadda suka shuɗe, daban yake da bauta masa. Masar da Turkiyya da Saudiyya duk suna adana kayan da suka girmi Musulunci.

Namu kason

A 1928 masu haƙar kuza suka ci karo da wani ƙaramin kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok a kudancin Kaduna. Daga baya mai binciken kayan tarihi ɗan Birtaniya, Bernard Fagg, ya gane cewa al'umma ce guda mai faɗi, wadda ta yi waɗannan siffofi fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ta kuma san narka ƙarfe. An sami makamantansu a yankunan Sakkwato da Katsina. A Nijar kuma an gano maƙabartar Bura a yammacin ƙasar a 1975, masanin tarihi ɗan Nijar Boubé Gado ya haƙa ta a 1983.

Waɗannan ba sojan mulkin mallaka ne ya kwashe su ba. A shekarun 1990 ne kasuwarsu ta buɗe a Turai. Dillali ya zo ƙauye ya ba matasa kuɗin yini, a bi gona da tudu ana sara rami. Abin da ya fito a fasa shi ko ya fashe da kansa, a zuba a buhu, a bi da shi ta Kwatano ko Lome, a liƙa shi a can, wani lokaci da gutsattsarin wani daban. Bayan an nuna kayan Bura a wani baje koli a Faransa cikin shekarun 1990, mafi yawan wuraren sun sha haƙa. A 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Nok da Sakkwato da Katsina da Bura a jerin waɗanda aka haramta saye.

Asarar da ke cikin wannan ta wuce ta kayan kansa. Mai binciken ƙasa yana karanta tarihi ne daga inda abu yake kwance: zurfinsa, gawayin da ke gefensa wanda da shi ake auna shekaru, ƙwayar geron da ta ƙone a cikin tukunya, abin da ke sama da shi da na ƙasa. Da zarar an fizge shi, ko an dawo da shi bayan shekara talatin, wannan bayanin ya tafi har abada. Shi ya sa abin da aka sani game da masu siffofin Sakkwato da Katsina bai taka kara ya karya ba.

A ga bambanci a Durɓi ta Kusheyi, gabas da birnin Katsina. A 1992 aka haƙa wasu kaburburan manyan mutane a can da izinin hukuma, aka ɗebo su da ƙasarsu dunƙule. A 2007 aka kai su Mainz ta Jamus bisa yarjejeniya, aka warware su a hankali a ɗakin gwaji. Aka sami 'yan kunne na zinare, awarwaron hauren giwa, wuri, duwatsun ado, da kwanon tagulla da ya fito daga Gabas ta Tsakiya, shaidar cewa ƙasar Katsina na cikin kasuwancin duniya shekaru ɗaruruwa kafin Bature ya zo. A 2014 kayan suka dawo Najeriya. Haka masu binciken Jami'ar Frankfurt suka yi da kayan Nok da suka haƙa tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya: an nuna su a Jamus, suka dawo Kaduna. An yi aiki tare lafiya saboda tun farko babu gardama kan mai kaya.

Ba kuma duk abin da ke waje ne na ƙwace ba, kuma mu guji cewa haka. Rubuce-rubucen da Imam Umaru, haifaffen Kano da ya zauna Kete-Krachi, ya yi wa Bajamushe Adam Mischlich da saninsa ya yi su. Takardun Umaru Falke, malami ɗan kasuwar Kano, sama da 3,000 da ke Jami'ar Northwestern a Amurka, ba da bindiga aka ɗauke su ba. A irin waɗannan abin nema shi ne kwafi mai kyau, kyauta, a Gidan Arewa da ke Kaduna da jami'o'inmu. Mai haɗa kowane abu a kwando ɗaya yana raunana ƙarar da ke da hujja.

Aikin da ke kanmu

Neman kaya ba a yin sa da jawabi. Gidan tarihin Turai takarda yake karɓa: wane kaya, lambarsa a rajistarsu, wa ya kawo shi, a wace shekara, daga ina. Akan samo wannan daga littattafan shigar kaya na gidan, da wasiƙun hafsoshi, da kundin 'yan gwanjo. Benin ta yi nisa ne saboda an yi mata wannan aikin. Masarautun Kano da Sakkwato da Zazzau da Borno da Damagaram, waɗanda Turawa suka mamaye tsakanin 1899 da 1903, ya kamata kowace ta sa masana su bi sunayen hafsoshin da suka mamaye ta, su duba abin da su ko magadansu suka kai gidajen tarihi, musamman ƙananan gidajen tarihin rundunonin soja da ba a cika leƙawa ba. Aikin ɗaliban digiri na biyu ne guda uku ko huɗu, in an ba su kuɗin bincike.

Na gida kuma a yi masa rajista. Akwai ma'aunin da 'yan sandan duniya ke aiki da shi, Object ID: hoto ta kowane gefe da ma'auni a kusa, irin kayan, abin da aka yi shi da shi, tsawo da faɗi da nauyi, rubutu ko alamar da ke jiki, tabo ko karaya, zamaninsa. Wayar hannu da tef ɗin awo sun isa. A ajiye kwafi a wuri biyu. Kayan da ba shi da hoto, ko an gan shi a gwanjo a Paris, babu yadda za a tabbatar namu ne. Wannan ya shafi fadoji da zuri'ar malamai masu tsofaffin littattafai, ba gidajen gwamnati kaɗai ba. Dokar Najeriya ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba tare da izinin hukumar gidajen tarihi ba, amma jami'in kwastam a Jibiya ko Illela ba zai tare abin da bai taɓa ganin hotonsa ba, dagaci kuma ba zai kori dillali ba in babu wanda ya taɓa zama da shi ya yi masa bayani.

Akwai kuma wa'adi a gabanmu. A 1998 Faransa ta sayi siffofi uku, biyu na Nok ɗaya na Sakkwato, daga wani dillali a Beljiyam, ta nuna su a Louvre a 2000, duk da cewa dokar Najeriya ta hana fitarsu. Da surutu ya yi yawa, a 2002 ta amince cewa na Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25 da za a iya sabuntawa. Wa'adin zai cika a 2027. Gwamnonin Kaduna da Sakkwato da 'yan majalisar yankunan su nemi hukumar gidajen tarihi ta fito da takardar yarjejeniyar a karanta, a kuma faɗa wa jama'a tun yanzu ko za a sabunta, da abin da za a karɓa in an sabunta, ko kuwa za a dawo da su, da ɗakin da aka tanada musu.